LITTAFI DA MAJIGINSA: WANNE ZA A FARA BA YARO?

Akwai wata al'ada da ta shigo mana sannu a hankali har ta yi kusan zama jiki, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta, musamman mu malaman makaranta da 'yan'uwanmu ma'aikatan ofis. Al'adar kuwa ita ce, in ka tambayi mutum ko ya karanta littafi kaza, sai ya amsa maka da cewa, "Ai na ga majiginsa." Ya faɗa kuwa hankalinsa kwance, kamar wanda aka tambaya ko ya je Makka ya ce ai ya ga hotonta. Da a ce yara ƙanana kaɗai ke faɗin haka da da sauƙi, amma har a bakin samarin da a ke shiryawa su zama malamai a kan ji wannan amsa, alhali kuwa su ne gobe za a danƙa wa 'ya'yan jama'a su koya musu karatu.

Ni dai ba na cikin masu ƙin majigi, ko silima, ko fim kamar yadda yaran yanzu su ke kiransa. Ina kallo, ina kuwa jin daɗin mai kyau. Abin da na ke so in bayyana shi ne, littafi da majigin da aka yi daga gare shi abu biyu ne, kowanne da aikinsa, kuma in za a haɗa wa yaro su biyun, tilas littafi ya riga. Dalilaina zan ɗebo su daga waɗansu littattafai da na sake karantawa a hutun nan, waɗanda duk an mai da su majigi, domin magana ba misali kamar miya ce ba gishiri.

SHAIHU UMAR

Bari mu fara da na gida. Cikin 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dr. R. M. East, ta nemi malamai su gwada rubuta labaran ƙirƙira da Hausa. A wannan yunƙuri ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa, da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Marubucin Shaihu Umar a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Watau malamin makaranta ne kamarmu, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista cikin 1957.

Labarin ba boyayye ba ne, amma zan taƙaita shi saboda wanda ya manta. Wani babban malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya ba su labari. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki. 'Yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa Makau sharri a kan bayin da aka kamo wajen hari, aka kore shi daga gari. Daga nan gida ya watse. Aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har Kano, inda ya shiga hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami kuma limami. Uwar kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka kai ta har Tarabulus. Can ɗan ya same ta bayan shekaru, wahala ta riga ta cinye ta, ganawarsu ke da wuya ta cika. A hanyar komowa guguwar rairayi ta halaka ayarinsu, shi Allah ya yi masa gyaɗar dogo, ya iso ƙasar Hausa a zamanin da Rabe ya ke ta'adi a Barno.

Wannan labari Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga cikin 1975, sa'an nan cikin 1976 Adamu Halilu ya yi majiginsa da harshen Hausa, mai tsawon fiye da sa'a biyu. Aiki ne babba, wanda ya cancanci yabo. Mai kallo zai ga abin da alƙalami ba ya iya nuna masa sosai: yadda fada ta ke, yadda a ke naɗa rawani, yadda almajirai su ke zama gaban malami, da yadda ɗan Adam ya ke ƙanƙancewa in ya shiga hamada. Yaron da aka haifa a birni, bai taɓa ganin ayari ba, lalle zai ƙaru da wannan.

Amma fa akwai abin da ya ke cikin littafin wanda ido ba ya kamawa, sai kunnen zuci. Abin nan kuwa shi ne muryar mai ba da labarin. Tun daga farko har ƙarshe tsoho ne ke magana, a natse, ba ihu, ba zagi, ba ya ko ɗaga murya. Yana faɗin yadda aka sace shi da yadda uwarsa ta mutu a bauta da irin muryar da mutum zai faɗi yadda damina ta kasance bara. Mai karatu in yana da hankali, wannan natsuwa ita ce za ta hana shi barci. Zai tambayi kansa, shin wannan haƙuri ne na wanda ya sallama al'amarinsa ga Allah, ko kuwa ciwo ne da ya yi zurfi har ya wuce kuka? Zai kuma lura da cewa marubucin bai ɗora laifin a kan baƙi ba. Masu kai harin mutanen sarki ne, masu ƙulla sharrin fadawa ne, kasuwar kuwa a Kano ta ke ci. Har wa yau zai lura da cewa bauta guda ce ta kama mutum biyu, ɗa da uwa, ta kai ɗaya ga limanci ta kai ɗaya ga kabari, don kada wani ya ɗauki kirkin Abdulkarim ya ce ashe bautar ba ta da laifi.

Ku tuna kuma da lokacin da aka rubuta shi. Dokar Turawa ta ce duk ɗan da aka haifa daga ran 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai cikin 1936. Ke nan sa'ad da littafin ya fito akwai sauran bayi a gidaje, akwai kuma iyayengijinsu, kuma ba abin mamaki ba ne a sami jikan wannan da jikan wancan a kan benci guda suna karanta shi. Saurayin malamin nan ya san da haka, shi ya sa ya zaɓi murya mai sanyi ya faɗi magana mai zafi. To, majigi ba shi da wannan dama. Ko da ya fara da malam zaune da almajiransa, da zarar labari ya kankama tilas ya bar bakin tsohon ya nuna maka abin da ya faru ƙuru-ƙuru. Sai tausayi ya kama ka, watakila har ka yi hawaye, amma tambayar nan da littafi ya ke dasa maka a zuci ba lalle ta tsiro ba, domin hoto ba ya tsayawa ya jira ka ka yi tunani. Shafi kuwa yana jira, ko kwana bakwai ka yi.

DARASI GA MASU RUBUTA RAHOTO

Misali na biyu daga Kudu zan ɗauko shi, watau Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda aka buga da Turanci cikin 1958. Cikin 1987 gidan talabijin na tarayya ya nuna shi kashi-kashi, Pete Edochie ya fito a matsayin Okonkwo. Ya kuwa yi ƙoƙari ƙwarai, har ya zama duk wanda ya kalla, in an ambaci Okonkwo fuskar Edochie ce ke zo masa. Wannan yabo ne ga ɗan wasan, amma hasara ce ga yaron da ya kalla kafin ya karanta, domin an riga an cika masa gurbin da ya kamata ya cika da tunaninsa. A majigi jarumi mai faɗin ƙirji ka ke gani. A littafi kuwa an shigar da kai cikin zuciyarsa, ka ga ashe tsoro ne ke tuƙa shi, tsoron kada a ce ya gado lalacin ubansa Unoka, har wannan tsoro ya kai shi ga sa hannu a kisan Ikemefuna, yaron da ke kiransa uba.

Amma inda na fi so ma'aikatan ofis su duba shi ne ƙarshen littafin. Bayan Okonkwo ya rataye kansa, sai marubucin ya bar mutanen garin ya shiga cikin kan Baturen mulki, wanda ke shirin rubuta littafi a kan yadda aka lallashi ƙabilun wannan yanki. Baturen yana tafe yana lissafi, ko labarin wannan mutum zai cika babi guda, sa'an nan ya ga babi ya yi yawa, 'yan layuka sun isa. Mutumin da muka bi rayuwarsa tun daga kokawarsa ta samartaka, muka san matansa da 'ya'yansa da rumbunan doyarsa, shi ne zai ƙare a 'yan layuka cikin takardar wanda bai ko san harshensa ba. Nauyin littafin duka a kan wannan shafi ya ke, kuma ƙarfinsa daga rubutu ne, domin rubutu ne ke fallasa rubutu. Na'urar ɗaukar hoto tana iya nuna Bature yana tafiya, tana iya sa shi ya yi magana, amma ba ta iya sa ka ji sanyin alƙalaminsa yadda shafin ya ke sa ka ji.

Duk akawun da ya taɓa taƙaita ƙarar wani talaka a layi uku ya tura gaba, ya kamata ya karanta shafin nan sau biyu. Mutum ya taso tun asuba daga ƙauyensu da maganar gonar da ya gada, wadda ita ce rayuwarsa duka, mu kuwa mu mai da ita lamba a fayil. Ba yadda za a yi aikin ofis ba tare da taƙaitawa ba, amma wanda ya karanta Achebe zai riƙa taƙaitawa da tsoron Allah.

LITTATTAFAN KANO

Na uku, littattafan da aka yi ta bugawa a Kano tun daga wajen 1980 da 'yan kai, waɗanda waɗansu malamai su ke yi wa kallon hadarin kaji, suna kiransu adabin kasuwa. Ni ban yarda a yi musu kuɗin goro ba. A cikinsu akwai shirme, akwai kuma na ƙwarai, kamar yadda ya ke a kowace kasuwa. Biyu na sake karantawa. Ɗaya In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, labarin Sumayya 'yar masu hali da ta ƙwallafa rai a kan Muhammad talaka, iyaye kuwa suka nace sai mai kuɗi, har ta kai ta ga faɗawa rijiya. Ɗayan kuwa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin Rabi, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'ya tara saboda amarya, ta koma sayar da abinci ta riƙe su, har alhaki ya juyo kan ubangidansa. Wannan na biyun Aliyu Kamal ya fassara shi da Turanci, aka buga a ƙasar Indiya cikin 2012.

Tun da aka fara yin majigin kaset a Kano cikin 1990, ba a daɗe ba aka juya ga irin waɗannan littattafai, dukansu biyun nan kuwa an mai da su majigi kafin shekara ta 2000. A nan ma abin da ya faru shi ne abin da ya saba faruwa. Majigi ya kai labarin gidajen da littafi bai shiga ba. Amma duba abin da ya ke wuyar ɗauka. Ƙarfin littafin Balaraba yana cikin ƙananan abubuwa ne, watau lissafin cefane, da kuɗin makaranta, da yadda mace ke kwana tana juya abin da za a ci gobe. Wannan wahala ce mai tafiyar hawainiya, kullum iri ɗaya, kuma maimaituwarta ita ce zafinta. Littafi yana da filin da zai ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya. Mai majigi kuwa yana da sa'a biyu ko uku, yana da kuɗin da ya zuba wanda ya ke so ya mayar, ya kuma san abin da ke tara 'yan kallo shi ne faɗan kishiyoyi da gobarar kasuwa. Ko ya so ko ya ƙi, hannunsa zai karkata wajen abin da ke da ƙara, ya rage abin da ke da nauyi. Ban ce laifinsa ba ne. Halin sana'ar ke nan, kowace sana'a kuwa da iyakarta.

Haka kuma Sumayya. Mutum dubu in sun karanta littafin, Sumayya dubu ce, kowa da tasa, wani ya ba ta fuskar ƙanwarsa, wata ta ba ta fuskar kanta. Wannan aikin ƙaga sura a zuci shi ne motsa jikin hankali, kuma shi ne abin da mu ke so yaro ya saba da shi. Majigi kuwa Sumayya guda ya ke bayarwa, ya ce kowa ya karɓa.

HAKKIN MAJIGI

Kada a ce na tauye wa majigi hakkinsa, bari in faɗi abin da ya fi littafi da shi. Sembene Ousmane na ƙasar Senegal marubuci ne tun kafin ya taɓa na'urar ɗaukar hoto. Da ya lura cewa da Faransanci ya ke rubutu, mutanen da ya ke rubutu dominsu kuwa yawancinsu ba su karanta Faransanci, sai ya tafi ya koyi aikin majigi. Cikin 1968 ya ɗauki wani gajeren littafinsa, labarin wani magidanci da aka aiko masa da takardar kuɗi daga Faransa ya yi ta yawon ofis-ofis ya kasa karɓa don ba shi da takardar shaida, ya mai da shi majigi da harshen Wolof, mai suna Mandabi. Ranar nan tsofaffi da matan aure suka ga kansu, suka ji harshensu. Wannan babban alheri ne, kuma mu ma nan haka abin ya ke. Tun zamanin da motar majigi ke zuwa ƙofar fada da dare tana nuna yadda a ke noman auduga da tsabtar gida, mun san hoto yana isa inda takarda ba ta isa. Tsohuwar da ba ta yi boko ba tana da hakkin ta san labarin uwar Shaihu Umar, majigi kuwa shi zai kai mata.

Amma ku lura, wannan hujja ta wanda bai iya karatu ba ce. Ba ta zama uzuri ga ɗan makaranta ba, balle malaminsa. Sanda ta makaho ce da gurgu. Mai ido da ƙafa in ya ce sai da ita zai yi tafiya, to, lalaci ne ke damunsa.

Kuma ba daidai ba ne a riƙa auna majigi da cewa ya bi littafi layi-layi ko bai bi ba. Wanda ya bi layi-layi sau da yawa shi ya fi gundura. Tilas a yanke, tilas a haɗe mutum biyu su zama ɗaya, tilas a sāke jerin abubuwa. Ma'aunin da na ke ganin ya dace shi ne, bayan an gama yanke-yanken, zuciyar labarin tana nan ko ta tafi? In an yi Shaihu Umar aka bar wahalar uwar a baya aka tsaya kan ɗaukakar ɗan, an ci amanar littafin ko da kowace kalma an ɗauko ta daidai. To, wa zai iya yin wannan awo? Sai wanda ya karanta. Wanda bai karanta ba, duk abin da aka ba shi karɓa zai yi, ba ya ko sanin an rage masa mudu.

WANNE YA FI DAƊEWA?

Akwai kuma wani abin lura. Majigin Shaihu Umar, duk da kuɗi da ƙoƙarin da aka zuba a kansa, ya ɓace daga idon jama'a shekaru da yawa, har aka ɗauka ya salwanta. Sai cikin 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wata cibiya ta birnin Barlin a ƙasar Jamus mai suna Arsenal ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin majigi na Barlin cikin 2018. Mun gode wa waɗanda suka yi wannan aiki. Amma a duk tsawon shekarun nan littafin bai ɓace ba ko na rana ɗaya. An yi ta sake buga shi a Zariya, Mervyn Hiskett ya fassara shi da Turanci cikin 1967, yana cikin akwatunan malamai da jakunkunan 'yan makaranta, bangonsa ya yage, an ɗinke da zare, ana karantawa. Majigi yana bukatar na'ura da lantarki da ma'aji mai kula. Kaset ɗin da aka yi ta rububinsa a Kano, yau ko kana da shi da wuya ka sami abin da za ka sa shi a ciki. Littafi kuwa ido kawai ya ke bukata da hasken rana. Al'ummar da ta ajiye labarunta a majigi kaɗai ta yi ajiya a bakin rafi.

SHAWARA

Saura in faɗi abin da na ke ganin ya kamata a yi, don kada magana ta zama ta fatar baka.

Ga 'yan'uwana malamai, na farko, kada a nuna wa aji majigin littafi sai an gama karanta littafin. A karanta shi babi-babi, wani a bayyane wani a zuci, malam ya riƙa tsayawa yana tambaya. Na biyu, kafin ranar kallo a sa kowane yaro ya rubuta rabin shafi yana siffanta mutum guda daga cikin labarin yadda ya gan shi a zuciyarsa, tsayinsa da muryarsa da tafiyarsa. A karɓi takardun a ajiye. Na uku, bayan an kalla a mayar musu da takardunsu, a yi musu tambaya uku: me aka bari, me aka ƙara, kuma don me ku ke tsammani aka yi haka? Wanda ya gwada wannan zai ga abin mamaki. Yaron da ba ya buɗe baki a aji sai ka ga ya miƙe yana gardama, yana cewa ba haka Makau ya ke ba, har ya buɗe shafi ya kafa hujja. Ranar da yaro ya kafa hujja da shafi, ranar ya zama mai karatu. Da haka majigi ya zama bawan littafi, ya taimaki malam maimakon ya ƙwace masa aji.

Malamin da ya kunna wa yara majigi don ya huta da koyarwa kuwa, ya sani ya ci amanar iyayensu. Ranar jarrabawa ba za a tambaye su launin rigar ɗan wasa ba. Ko da ma ba jarrabawa, yaron da ya fita makaranta bai taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango ba, an sallame shi da rabin guzuri.

Ga ma'aikatan ofis, ku ma kuna da rabo a nan. Aikinku duka rubutu ne, wasiƙa da rahoto da taƙaitaccen bayanin taro, kuma ba wanda ya taɓa iya rubutu ta hanyar kallo. Hausa mai kyau daga karatun Hausa mai kyau ta ke fitowa. Ku haɗu ku biyar ko shida, kowa ya sayi littafi guda a wata, ku riƙa musanya, ran Asabar da la'asar ku zauna ku tattauna. In akwai majiginsa ku kalla tare daga baya, ku yi ta gardama, gardamar nan ita ce ribar. Ku kuma bar littattafan a inda 'ya'yanku za su gan su, domin yaro abin da ya ga babba na yi shi ya ke yi. In ya tashi bai taɓa ganin ubansa riƙe da littafi ba, wa'azin malam a makaranta ba zai yi tasiri ba.

Ga masu yin majigi kuma, roƙona biyu ne. Ku nemi izinin marubuci, ku biya shi hakkinsa, ku rubuta sunansa da sunan littafinsa manya-manya a farkon majigin, don wanda ya ji daɗin kallo ya san inda zai nemi asalin. Sa'an nan ku karanta littafin har ku gane abin da ya sa aka rubuta shi kafin ku taɓa shi. Har yanzu akwai littattafanmu da yawa da ke jiran mai gwaninta, amma gara a bar su a kan kanta da a yi musu aikin gaggawa.

Abin da na ke karantawa ke nan a hutun nan, da abin da na gani a ciki. Na san akwai waɗanda za su saɓa mini, musamman a kan littattafan Kano, wataƙila kuma akwai wanda ya ga majigin da ya fi littafinsa kyau. In akwai, filin jaridar nan a buɗe ya ke, sai ya rubuto ya faɗi sunan littafin da dalilansa, mu ƙaru da juna. Sharaɗi guda ne kawai, ya zama ya karanta littafin tukuna. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya shiryi yaranmu, amin.